Makullin Keken Roelf

Iska ta taso daga kan tafkin ta doki fuskokinsu, sai Geeske ta ji tafin hannun mijinta ya sauka a tsakiyar bayanta. Shekara arba'in da shida ke nan haka suke duk Lahadi: ita a gefen ruwa, Roelf a gefen hanya, kekunansu kafaɗa da kafaɗa. In iska ta matsa, ya ɗora mata hannu yana turawa, yana yi mata tsiya wai ƙafafunta na ɗan tsako ne.

Yau ba yawon shan iska kawai suka fito ba. Ran Laraba Roelf ya fita sayen burodi, sai da yamma wani direban motar madara ya tsince shi a wani ƙauye can bayan gari, tsaye riƙe da keke, ya kasa gane hanyar gida. 'Yarsu Marleen ta zo daga garin Zwolle tana kuka, ta ce a karɓe makullin keken tun kafin a tsamo Baba daga cikin ruwa. Geeske ta ce faufau. A birninsu Groningen, wanda aka raba da kekensa an zaunar da shi ke nan, sai kallon titi ta taga har ranar mutuwa. Da ƙyar ita da Marleen suka daidaita, a kicin, murya ƙasa-ƙasa: a bar shi ya yi zagayen Lahadi sau ɗaya, ya bi bakin tafkin Paterswolde ya dawo ta mashigin ruwa. In ya gama ba kuskure, keke nasa ne.

Kuma bai yi kuskure ba. Ya miƙa hannu a kowace kwana, ya kaɗa wa masu gudun motsa jiki ƙararrawa, ya kauce wa agwagin da suka baje a kan hanya kamar gidan ubansu. A lambun bakin ruwa yara na ta tsalle cikin tafki, fararen jiragen ruwa masu filafilai na yawo a nesa, rana ta zuba a kan ruwan har ido ba ya iya kallo. Zuciyar Geeske ta cika fal, ta ji kamar ta yi waƙa. Suka tsaya inda suka saba tsayawa, suka sha kofi, suka raba wainar tuffa guda, ya lashe madarar saman ya rantse ba shi ba ne. Ta faki idonsa ta aika wa Marleen saƙo cewa sun ci rabin hanya, lafiya lau.

Sai da suka juya suka kama gefen mashigin ruwa ta lura. Iskar da ta wahalar da su da safe yanzu tana bayansu, tana kora su kamar ganye, ko feda ba sai an taka ba. Amma hannun Roelf na nan a bayanta. Ba wanda ke tura mutum iska na bayansa. Yaro ɗan shekara biyar ma ya san wannan. Da suka doshi inda hanya ta rabu biyu, ta sassauta gudu don ya wuce gaba ya zaɓa. Bai wuce ba. Yatsunsa suka damƙe rigar sanyinta.

Ta ɗauki hannun hagu, ya biyo ta. Idanunta suka kawo ruwa, ta bar iska ta shanye.

A gadar gaba aka kaɗa ƙararrawa, sanda ta sauko, gada ta ɗaga don wani jirgi ya wuce. Suka sauke ƙafa.

“Tsoho, sauke hannunka. Iska na bayanmu.”

“Na sani, yarinya.” Yana kallon jirgin. “Tun daga wurin kofi ban san inda muke ba. Ruwan na san shi, bishiyoyin na san su, amma ta ina gida yake, oho. Ke kaɗai na gane.”

Ya ce ya ji duk abin da suka ƙulla a kicin, don kunnensa dai bai manta aikinsa ba. Geeske ta yi ta magana da sauri kamar mai tare ɓarakar ruwa da hannu. Ta ce ba wanda ya gani. Ta ce za ta gaya wa Marleen ya gama lafiya, ai ba ƙarya ba ne, zai gama ɗin. Daga yau duk inda za shi tare za su, burodi ne, aski ne, ko'ina ne, ya riƙe rigarta har ta yage ta sayi wata.

Ya bar ta ta gama, sannan ya ce, “Ran Laraba ba ɓata kawai na yi ba. Wata 'yar yarinya ce a gabana, kan ƙaramin keke ja. Na zo taka birki na manta yadda ake yi. Cikin ciyawa na faɗa.”

Gada ta sauko. Masu kekuna suka yi ta ratsa su hagu da dama, wani saurayi ya kaɗa musu ƙararrawa don sun tare hanya. Geeske ba ta motsa ba. Ta daɗe tana kallon keken, baƙin nan mai sirdin da ya lotsa daidai zaman mai shi. Sannan ta karɓe shi daga hannunsa ta jingina da ƙarfen gada, ta sunkuya ta danna kwaɗon tayar baya ta kulle shi. Makullin ya fito da 'yar ƙara. Ta saka shi a aljihu.

Saura tafiyar kilomita huɗu, kuma bas ba ya bi ta nan ran Lahadi. Ta hau kekenta, ta bubbuga kariyar baya da tafin hannu.

Roelf ya dubi kariyar, ya dube ta. “Da ƙafafun nan naki? Mu biyu za a tsamo daga ruwa.”

“Hau, tsoho, ka rage surutu.”

Ya zauna a karkace, ƙafafu biyu a gefe guda, irin zaman da 'yan mata ke yi a bayan samari, ya zagaye ƙugunta da hannu. Keken ya yi tangal-tangal, ya kusa gocewa, sannan ya miƙe. Suna kan gada ta ji ya juya yana waiwayen kekensa, ya daɗe a haka. Sai ya kwantar da kumatunsa a kafaɗarta, ya ce in sun iso gida ta gaya masa.