Shekarar da Ba Mu Dafa Gurasar Pesaha Ba

Surukata Rahelamma, in dai zancen Manzo Toma ya taso, sai ka rantse ita ta riƙe masa jaka ranar da ya sauko daga jirgin ruwa a gaɓar Kerala. Ta san tafkin da ya yi wa kakannin kakanninta baftisma. Ta san dutsen da ya hau ya durƙusa yana addu'a. In ta kai inda aka soke shi da mashi a ɗaya gaɓar, sai ta share hawaye da bakin mayafi. Wannan duk ba laifi. Laifin yana ƙarshen labarin, don kullum da gori take rufewa: wai gidanmu hannun manzo ne ya taɓa shi, sauran mutanen layin nan kuwa jiya-jiya suka shigo addinin.

To, wa zai ji wannan ya so ki? Ban da gorin ma, ba wadda ta bari. Ta yi da Tiresiya a kan kwakwar da ta faɗo a kan iyaka. Ta yi da Sosamma, ƙanwar mijinta, wai muryarta tana ɓata waƙa a coci. Eliyamma kuwa, da katanga ɗaya ta raba mu da ita, tun kafin a kawo ni gidan suke 'yar tsama, kuma ba mai iya tuna mafarin. Surukina Kuriyan ne mai gyara. Duk ranar da ta yi ɓarin baki, sai ya sari nonon ayaba ya zagaya da shi, ya dawo yana murmushi kamar ba a yi ba.

Sai Kuriyan ya rasu da damina.

Ga Alhamis ɗin Pesaha ta ƙarato, ranar da kowane gida yake dafa gurasar shinkafa marar yisti a ganyen ayaba, da madarar kwakwa da mazarƙwaila, mai gida ya yanka ya miƙa wa kowa daga babba zuwa ƙarami. Amma gidan da aka yi rashi a shekarar ba ya ɗora wannan tukunyar. Maƙwabta ne suke kawo masa. A gidanmu kuwa, in ji Rahelamma, tun zamanin manzo ba a taɓa tsallake shekara ba a ci ba, kuma bana ne mijina Pailo zai fara riƙe wuƙar a madadin ubansa.

Ana saura kwana biyu na same ta a bayan gida tana wanke tukunyar Pesaha, wadda ba za a yi amfani da ita ba. Na kira ta da sunan da muke kiran uwa, na ce, "Ammaci, bari in leƙa wajen Sosamma in ɗan tuna mata."

"Ki tuna mata me? Bara za ki je yi mini? In ƙafarki ta taka ƙofar wata a kan gurasar nan, ki wuce gidan ubanki daga can."

"Ai wata za ta kawo, in Allah ya yarda."

"Ke, Akamma! Toma ma da yake manzo guda, sai da ya ce sai ya sa yatsa a gurbin ƙusa kafin ya yarda. Ni ce zan yarda da matan layin nan ban gani ba?"

Ta faɗa da ƙarfi, ta ci gaba da dirzar tukunyar. Tsoro take ji, ni ma tsoron nake ji. Haushinta kuma ya cika ni, don ita ta ja mana, amma na rantse tausayinta ya fi yawa.

Ranar Alhamis muka je coci da la'asar. Na yi ta satar kallon matan ko wata za ta ɗan yi mini alama da ido. Ina! Tiresiya ta kau da kai. Eliyamma ta wuce mu fuu, ko gaisuwa babu. Muka dawo gida jiki a sanyaye. Na shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, na ajiye faranti ba komai a ciki. Pailo ya zauna yana juya wuƙar ubansa. Rahelamma ta ja kujera ta ba ƙofa baya, wai ita ba jiran kowa take yi ba. Ta dubi hoton Kuriyan a bango ta ce, "Kai ka tafi ka huta, ka bar ni da su."

Rana na shirin faɗuwa na ji ana ƙwanƙwasa ƙofar kicin a hankali. Tiresiya ce, da abu a rufe cikin ƙyalle, tana waige-waige kamar ta sato.

"Ungo, maza. Kada ki ce ni ce. Na san duk layin nan ba mai kawo mata, shi ya sa na kasa zama."

Ban gama karɓa ba, sai ga Sosamma ta ɓullo ta cikin ayaba, da kwano a kai da tulun madara a hannu. Suka yi ido huɗu.

"Au! Tiresiya, me kike yi a nan? Ba ke kika ce ko gawarki ba za ta shigo gidan nan ba?"

"Ke fa? Ba ke kika rantse a gaban mata ba?"

"Ni gidan yayana ne! Na ɗauka ba wanda zai kawo."

Suna cikin haka wasu biyu daga ƙasan layi suka iso, kowace ta bi ta bayan gida don kada a gan ta, kowace da nata ƙunshin. Kicin ya cika da mata da ƙamshin kwakwa, ana ta "ke ma?" "ke ma?" Dariya ta kama ni har na zauna a kan turmi.

Eliyamma ce kaɗai ta shigo ta ƙofar gaba. Ba sallama, ba komai. Ta dire gurasarta a farantin, tim, ƙatuwa kamar murfin tukunya, ta riƙe ƙugu.

"Rahel, juyo. Ba don halinki na kawo ba. Na ce in ban kawo ba wa zai kawo?"

Rahelamma ta juyo. Ta dubi gurasar. Sai ga sauran sun fito daga kicin a jere, tunda asiri ya riga ya tonu, kowace ta ajiye nata. Gurasa biyar a teburin gida ɗaya! Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa hannu ta dafa ta Eliyamma, da sauran ɗuminta. Ta ɗaga kai ta dube su.

"Wato dukanku kun ɗauka ba ni da kowa?"

"To da wa gare ki, Cedati?" in ji Sosamma, don haka take kiran matar yayanta. "Da wannan bakin?"

Sai ta fashe da kuka, kukan kuma ya juye dariya, ta rasa wanne za ta yi. Ta kamo hannun Eliyamma ta ƙi saki. Eliyamma tana cewa, "Sake ni, tsohuwar banza, mijina na can riƙe da wuƙa yana jira," amma ita ma hawaye ne shaɓe-shaɓe a fuskarta. Ni dai tun da aka kawo ni gidan ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Kafin su tafi sai da aka sake wata rigimar, wai ta wa za a yanka. Tiresiya ta ce ita ta fara zuwa. Sosamma ta ce ita jinin gida ce. Pailo, bawan Allah, ya tsaya da wuƙa a sama yana kallon uwarsa.

"Yanki kowacce," in ji ta. "So kake su ƙi kawowa ranar da na mutu?"

Suka watse suna dariya, kowace ta nufi teburinta. Pailo ya yi addu'a, ya yanka ya tsoma a madara ya fara miƙa wa uwarsa, sannan ni da yaranmu biyu, har kan autarmu. Sai kuma muka tuna da abin da ke gabanmu: gurasar Pesaha ba a zubarwa, ba a ba kaza ko ɓurɓushinta. Mu biyar, gurasa biyar. Muka ci, muka ci, har Pailo ya sassauta ɗaurin zanensa yana nishi. Rahelamma kuwa tana ci tana sharhi, wai ta Tiresiya gishiri ya yi yawa, ta Eliyamma kuma ba laifi, ga wadda ba ta gada ba.

Ina kwashe kwanuka ta kamo bakin zanena.

"Akamma, baɗi ki jiƙa shinkafa da yawa."

"Ammaci, da wannan ƙoshin kike zancen baɗi?"

"Layin nan duk tsofaffi ne," in ji ta, tana goge ido. "Dole wani gidan ya yi rashi. Kuma ta ƙofar gaba zan shiga, kafin kowa."