A Yi Shiru, Tukunya Na Magana

Yayata Verna ta kurumce, kuma da farko ni kaɗai na sani. To, ni da duk wanda ya je coci ranar da ta ci gaba da rera waƙa ita kaɗai bayan kowa ya zauna, ido a rufe, murya har rufin ɗaki. Fasto ya jira ta gama ya ce amin. Matarsa kuwa, uwar gulma, ba ta jira komai ba, tana isa gida ta buga wa Curtis waya can birnin Milwaukee.

Curtis shi ne ɗan Verna tilo. Yaron kirki ne, ban ce ba, amma irin kirkin nan mai sa ka ji kamar ka kwaɗe mutum da ludayi. Ya kira ni.

"Inna Maxine, tsakaninki da Allah, Mama tana ji kuwa?"

"Tana jin abin da ta ga dama, kamar yadda ta saba tun kafin a haife ka."

"Inna, ba wasa nake ba. In gobara ta tashi fa, ita kaɗai a gidan nan? Akwai gidan kula da tsofaffi kusa da mu, mai tsabta, har da lambu. Zan zo bikin Ranar Godiya, mu ci talo-talo in gane wa idona. In kunnen ya tafi, da ita za mu koma."

Na ce ya buɗe baki ya yi magana kamar namiji, don yaran yanzu duk ƙus-ƙus suke kamar masu zawo. Ya maimaita. Na kashe wayar ba sallama, raina a ɓace.

Gidan Verna yana bakin fadamar kiranberi, wasu ƙananan jajayen 'ya'yan itace masu tsami, fadamar da mijinta Orval ya yi wa bauta har ya mutu. Yanzu wasu ke nomanta, amma duk kaka in aka sako ruwa 'ya'yan suka taso suka rufe fadamar jawur, tana tsaye a tagar kicin tana zagin masu aikin cewa ba su iya ba. Nan aka kawo ta amarya, ta ƙofar nan aka fitar da Orval, ita ma ta sha faɗa cewa sai dai a fitar da ita a akwati. Na taka na je, don gidana yana ƙetaren hanya ne kawai, na tsaya a gabanta na buɗe baki wangalau na faɗa mata abin da ɗanta ya ce. Ta nemi kujera ta zauna. Ban taɓa ganin Verna ta tsorata ba sai ranar, kuma wallahi ban ji daɗin gani ba.

"Yaya, ki sa na'urar kunnen nan mana, a huta."

"Ki sa wa uwarki!"

"Uwarmu ɗaya."

"Maƙwabciyarmu Lucille ta sa. Daga kunne aka fara, kafin ƙanƙara ta narke 'ya'yanta sun kwashe ta, gidan yanzu masu kiwon karnuka ne a ciki. Ranar da na sa abin nan na amsa laifi ke nan."

Muka zauna ƙulla dabara. Maganar hira ba ta ba mu tsoro ba. Verna dama ba ta taɓa barin wani ya kai ƙarshen zance ba, saboda haka za ta yi ta zuba kawai, in wani ya yi sa'a ya jefo tambaya ni in cafe in amsa. Abin da ya tsaya mana a wuya shi ne tukunya.

Kowace mace a yankinmu tana dafa kiranberi Ranar Godiya ta ajiye a kwano gefen nama. Verna ba ta ajiyewa a gefe, shafe take yi wa talo-talon da shi, ya fito daga murhun gashi ja yana ƙyalli, fatar tana kama yatsa, tsami da zaƙi suna kokawa a baki. Tana zuba 'ya'yan a tsohuwar tukunyar ƙarfe mai nauyin tsiya, da sukari da ruwan lemo da ɓawonsa da kanumfari, ta kifa murfi. In zafi ya shige su sai su fara fashewa, tas, tas, tas, su yi ta yi, can su lafa. A daidai lafawar nan ake buɗewa. Ka buɗe da wuri su fallatsar maka da tafasasshen sukari a fuska, ka makara gindin ya kama, ɗaci ya shiga, aikin ya tashi a banza. Agogo ba ya taimako, don 'ya'yan bara daban na bana daban. Da kunne take yi, ta kuma cika wa duniya baki a kan haka. Har al'ada ta mayar da shi: kowa sai ya taru a kicin, ta ɗaga yatsa ta ce, "A yi shiru, tukunya na magana." Curtis tun yana rarrafe yake tsayuwar nan. Ranar wanka ke nan, ba a ɓoye cibi.

"Ki ce hannunki na ciwo, ni in yi," na ce.

"Ke? Ke da kike ƙona ruwan zafi? Sai ya ce hannun ma ya tafi."

Ni na gano katakon. Akwai wani dogon katako a daɓen kicin ɗin da ya taso daga gindin firij ya bi ta ƙarƙashin inda take tsayawa gaban murhu. Ka taka wannan bakin, na wancan bakin ya ji har gwiwa. Na ce ni zan zama kunnenta: in fashewar ta lafa in buga ƙafa sau ɗaya, ita kuma ta buɗe. Muka janye darduma muka gwada da tukunya wayam, don Verna ta ce ba za ta ɓarnatar da 'ya'ya da sukari a kan wasan yara ba. Na buga, ta buɗe. Na buga, ta buɗe. Muka yi dariya har da riƙe ciki, rabon da mu yi irinta tun muna 'yan mata muna satar fita rawa ta taga.

Ranar ta zo da sanyi mai shiga ƙashi. Curtis ya iso da matarsa Renee da 'yan matansu biyu. Tun daga bakin mota Verna ta buɗe famfo: hanya, tsadar man shanu, ramar da Renee ta yi, gashin yaran, haƙorin fasto. Curtis ya samu 'yar kafa ya ce daga bayanta, "Mama, ina kika sa makullin rumbu?" Na yi caraf na ce yana jikin ƙusa inda ubansa ya bar shi, ko ido ma ya fara ba shi matsala ne? Verna ta juyo ta ga bakinsa ya motsa, ta ce, "Sosai ma, ɗana, sosai," ta wuce. Na ga ya bi ta da kallo. Na aike shi ɗebo itace.

Talo-talo ya yi nisa a murhun gashi, ƙamshi ya cika gida, lokacin shafe ya yi. Verna ta ɗaura gyalen aikinta, ta zuba komai a tukunya, ta kifa murfi, ta ɗaga yatsa.

"A yi shiru, tukunya na magana!"

Da ƙarfin da ta faɗa, na tabbata har masu karnukan gidan Lucille sun yi shiru. Na lallaɓa na tsaya gindin firij, ƙafar dama a kan katako. Na kasa kunne ina jiran tas ɗin farko.

Shiru.

Na ce wutar ce ba ta kama ba. Tururi ya fara tsartuwa ta gefen murfi. Shiru. Can na ga ƙaramar yarinyar ta zabura ta toshe baki tana dariya, babbar tana gyaɗa kai a kai a kai kamar mai bin kiɗa. Renee ta sunkuya wajensu, na karanta a leɓenta: kamar gugguru. Ni kuwa ba abin da nake ji sai wani zuuu a cikin kaina, wanda na daɗe ina ɗora wa firij laifinsa.

Jama'a, gumi ya karyo mini a cikin sanyin nan. Ashe tukunyar tana ta magana, ni ce ba na ji. Ashe ba yaran yanzu ne ke ƙus-ƙus ba. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na Verna, har ina buɗe mata baki wangalau kamar wata mai lafiya.

Ita kuwa baiwar Allah ta karkata kai gefe, ta lumshe ido, yatsa a sama, tana ta nuna gwanintar saurare, lokaci lokaci ta saci kallona ta wutsiyar ido. Na koma karanta fuskar yaran. Suka gaji, ɗaya ta fara wasa da igiyar rigarta. 'Ya'yan ne suka lafa, ko yarinyar ce ta ƙosa? Oho. Na ɗaga ƙafa, na fasa, na sauke a hankali. Na sake ɗagawa. In na buga da wuri na ƙona wa 'yar'uwata fuska, in na makara na ƙona mata gida gaba ɗaya, don daga ɗacin nan sai Milwaukee. Na tsaya da ƙafa ɗaya a sama kamar zalɓe, ina roƙon Allah a zuci.

Dum!

Katakon ya girgiza har cokula suka motsa a kan tebur. Verna ta fizge murfi. Tururi ya tashi, da ya washe sai ga 'ya'yan duk sun fashe sun narke, jawur, suna tafasa a hankali, ko ɗaya bai yi tsalle ba, gindin ko alamar kamu babu. Yara suka tafa.

Ƙafata tana sama har lokacin. Na waiga. Curtis ne a bayana jingine da bango, hannu a aljihu, ya ƙura wa rufin ɗaki ido kamar yana neman inda yake yoyo.

Daga nan Verna ba ta sake shiga taitayinta ba. Ta tace a rariya tana danna 'ya'yan da bayan ludayi, ta mayar da ruwan kan wuta da ɗan man shanu har ya yi kauri yana bin cokali, ta jawo talo-talo ta bi shi da buroshi lungu lungu, ta mayar, ta sake jawowa ta ƙara wani shafen, duk tana surutu. "Kunne ke nan! Wasu an ce sun ce na kurumce. Ina suke? Su zo su ci!" Da aka kawo shi tebur yana sheƙi, har Renee mai lissafin loma sai da ta ƙara. Ni dai na tauna ne kawai, ban san me na ci ba.

Bayan an tashi na fita baranda wai shan iska. Curtis ya biyo ni. Bai tsaya a gefena ba, ya zagayo ya tsaya a gabana, ya buɗe baki yana magana dalla dalla, daidai yadda nake yi wa uwarsa. Na ji kamar in mare shi.

"Inna, tun da safe nake kiranki ta baya."

"Ina jinka, share ka na yi."

"Kin janye darduma, kin tsaya a kan katakon da nake tsalle a kai ina yaro don in ba Mama haushi. Kin ɗauka ban san shi ba?"

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Na fara masa masifa, cewa ya zo gidan uwarsa leƙen asiri kamar ɗan sanda, ya bari na gama tas. Sannan na lura idonsa ya yi ja.

"Ba son ɗauke ta nake ba, Inna. Na san abin da gidan nan yake a wurinta. Amma ba na iya barci. Yau na taka. Gobe da ba na nan, wa zai taka muku?"

Yaro ya kayar da ni. Ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba. Da na rasa abin faɗa sai haushi ya faɗa mini: na ce ni zan dawo gidan in zauna da ita, sai me?

"Kurame biyu a gida ɗaya?"

"Kai, ka kiyaye ni!"

"Na yarda, da sharaɗi. Ku je wurin likitan kunne ku biyu. Ke za ki fara sawa. In ta ga kin sa kina jin gulmar da ba ta ji, ba za ta iya haƙuri ba."

Ɗan banza ya san uwarsa. Na zage shi, na zagi likitan da ban ma gani ba tukuna, na ce to.

Da yamma suka kama hanya. Muka rage mu biyu a kicin, tana wanke tukunyar ina goge kwanuka.  Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ba ƙafarki ba ce."

Na ci gaba da goge kwanon da ke hannuna.

"Ke takunki kamar na kaza. Wannan takun Orval ne, haka yake bugawa in ya dawo daga fadama yana kakkaɓe takalmi. Yaron ya gado ƙafar ubansa." Ta ci gaba da dirzar tukunyar da ta riga ta fita fes. Sannan ta juyo ta zuba wa bakina ido. "Zai tafi da ni?"

Na girgiza kai. Na nuna ƙirjina, na nuna ɗakin baya, na buɗe baki yadda za ta gani da kyau: "Ni zan dawo nan."

Ta kalle ni. Ta juya da sauri ta goge ido da bayan hannu, kumfa duk ta shafe mata goshi. Tausayinta ya kama ni har na rasa inda zan sa kwanon da ke hannuna.

"To," ta ce wa tukunyar, da ƙarfi kamar mai kiran wani a hayin fadama. "Amma kar ki kuskura ki kawo mini ƙazamar kyanwar nan taki."

Washegari ita na fara kawowa.