Ƙafar Hagu ta Jan Wuya

Ran da autana Naziru ya dawo da labarin za a yanka tsofaffin jiragen ƙasa na loko, ina tsakar gida ina ɓarar gyaɗa. Direban babbar mota ne, hanyarsa takan bi ta ɗan garin da muka zauna a da, can kudu cikin duwatsu. Na yi masa ido, na ƙara yi masa ido, amma ina, yaron nan bakinsa ba ya riƙe magana. Ya je ya kafa baki a kunnen ubansa na dama, wanda ke da ɗan saura, ya kwarara masa cewa za a mai da wurin gyaran gidan tarihi. An ware kan jirgi biyu masu kwal ana yi musu fenti, sauran kuma an sayar wa 'yan gwangwan.

"Har da Jan Wuya?" in ji Malam.

Naziru ya gyaɗa kai. Ni kuwa na san zaman lafiyar gidan nan ya ƙare.

Malam, maigidana, shekara goma sha huɗu ya yi a loko, wato inda ake gyaran kan jirgin ƙasa. Shi ba direba ba, ba makanike ba, mai guduma ne. Kafin kan jirgi ya fita, sai ya bi ƙafafun ƙarfen nan ɗaya bayan ɗaya da guduma mai doguwar ƙota, ya buga, ya kasa kunne. Lafiyayyar ƙafa takan yi amo mai tsawo, 'yan loko su ce ta amsa. Mai tsaga kuwa dum take yi, ta yi shiru. Sai ya sa hannu a takarda sannan jirgi ke fita.

Wata Talata da damina ya duba wani kan jirgi mai jan fenti a gaba, wanda suke kira Jan Wuya, ya sallame shi. Jirgin bai yi tafiyar awa ɗaya ba ya sauka daga kan dogo a wata kwana gindin dutse. Direban, Kamaruddeen, ya rasu nan take. Aminin Malam ne, katanga ɗaya ta raba mu a kwatas, matarsa ce ma ta yi min wankan jego. Manya suka zo, suka kwana biyu a ofis suna shan shayi, suka rubuta cewa ƙafar gaba ta hagu na da tsaga, mai guduma ya yi sakaci. Ko ɗaya a cikinsu bai ɗaga guduma ya gwada ba. Aka ja Jan Wuya bayan rumfa aka yar, Malam kuma aka kore shi daga aiki, muka ɗaure kayanmu muka dawo ƙauye kusa da Minjibir, kan gonar gado.

Shekara talatin da takwas ke nan. Da farko rantsuwa yake yi ƙafar ta amsa. Bayan wasu shekaru ya koma cewa yana ganin dai ta amsa. Da kunnensa ya fara nauyi, sai ya shiga tambayata ko tun wancan lokacin ciwon ya soma bai sani ba. Wannan tambayar ita ta cinye shi. Mutum ne da ko biki ake yana gefe, in ya yi dariya sai ya katse ta a tsakiya kamar an kama shi da laifi. Ni ma ta cinye ni, don babu abin da ya fi zafi irin ka ga naka yana shari'a da kansa kullum, kuma kullum shi ake kayarwa.

Da ya ce sai ya je ya ga Jan Wuya kafin a yanka, na ce ba inda za shi, tsoho da ciwon gwiwa. Bai yi musu ba. Ya dai sa aka sauko masa da gudumar daga saman rumbu, ya zauna yana shafa wa ƙotar man gyaɗa. Kwana uku yana wannan shafar har na gaji na ce Naziru ya nemo mota. Na bi su, don wa zai bar shi ya je shi kaɗai.

Da hantsi muka shiga garin. Duwatsun suna nan yadda na bar su, sai dai kwatas ɗinmu ya zama shagunan cajin waya. Rabin rufin loko ya yaye. A gaba wasu masu fenti na ta ƙawata jiragen kwal ɗin nan biyu, an kafa allo ana rubuta tarihinsu. A baya kuma ana yanka ƙarfe da wuta, tartsatsi na tashi. Maigadi ya so ya hana mu, da ya ga gudumar sai ya matsa gefe, ya ce ubansa ma a nan ya yi aiki.

Jan Wuya na can ƙarshen layi, ciyawa ta kai masa ƙugu, awaki sun mai da ƙarƙashinsa makwanci. Shugaban masu yankan ya ce jibi za su iso kansa. Malam bai ko dubi saman jirgin ba, ya nufi ƙafar gaba ta hagu kai tsaye. Ya sa Naziru ya nome ciyawar, ya kankare ƙasa da tsatsa tas. Sannan ya cire hula ya ba ni, ya yi bisimilla, ya karkata kunnen dama, ya buga.

Wayyo Allah, ƙafar nan ta amsa. Amo siriri, mai tsawo, ya bi dogo ya tafi har masu yankan suka waigo. Kar wani ya ce me mace ta sani. Wace ce a cikinmu take sayen tukunyar ƙasa ba ta ƙwanƙwasa ta ji ko ta tsage ba? Ban da haka shekara goma sha huɗu ina kai masa abinci loko ina jin wannan ƙarar. Na dafa jirgin ina hawaye.

Na juya in ga fuskarsa, sai na tarar har yanzu kansa a karkace yake, yana jira. Bai ji komai ba.

Ya sake bugawa. Ya zagaya ya buga ta wani gefen. Ya durƙusa, da gwiwar tasa mai ciwo, ya kusa manna kunne da ƙarfen, ya ce Naziru ya buga. Naziru ya ce ya ɗora tafin hannu mana ya ji motsin, Malam ya ce ai hannu kashe amo yake, ko sabon shiga ya san wannan. Ni kuwa ina ta ihu a kunnensa cewa ta amsa, ta amsa, har muryata ta dushe.

Ya dubi Naziru, Naziru ya ce shi ma ya ji. Malam ya ja shi wurin wani tarago, ya buga ƙafa biyu, ɗaya da tsagarta a fili ta ciki, ya tambaye shi wacce ce lafiyayya. Ɗan nawa ya yi ta zare ido, ya nuna mai tsagar. Da na samu muciya a wurin da na kwaɗa masa. Aka tambayi maigadi ko akwai sauran tsofaffin masu guduma a gari, ya yi ta lissafo sunaye, duk sun riga mu gidan gaskiya. Na ƙarshensu bara aka binne shi.

Malam ya zauna a kan dogo, ya aje gudumar. Na tsuguna na kama kunnensa da hannu biyu.

"Malam, ni na ji. Ƙalau take. Ba kai ka kashe shi ba."

Ya dube ni da tausayi, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

"Asama'u, ko dum ta yi, haka za ki ce."

Na ce a kawo Alƙur'ani yanzu in dafa a gaban kowa. Na miƙe ina neman masallacin loko da ido, ya riƙe gefen mayafina.

"Kar ki ɗauki rantsuwa saboda ni. Alhakin rai ɗaya ya ishe ni."

Na so in yi masa masifa, amma gaskiya ya faɗa. Da dum ɗin ta yi, wallahi haka zan ce, kuma da na dafa.

Ya karɓi hularsa ya sa, ya miƙa wa Naziru hannu ya tashe shi. Ya ce kafin mu kama hanya a biya da shi maƙabarta, yana so ya ƙara neman gafarar Kamaruddeen.