Dardumar da Hennu Ta Bari a Masaƙa

A ƙauyenmu na kan dutse, gabas da garin Kenifra, ba a ɗaukar masaƙa a matsayin itace. Daga ranar da aka ɗaura mata zaren tsaye ta zama mai rai. Ana yi mata sallama da safe, ana barbaɗa mata gishiri a gindi, ba a rataya mata riga. Ranar da aka yanke darduma kuwa masaƙar ta mutu ke nan, sai an sake ɗaura wata. Maza suna cewa camfin mata ne, amma har yau ba a ga namijin da ya yi ƙarfin halin tsallake ta ba.

Hennu tana tsakiyar saƙa ciwo ya kayar da ita. Tsohuwa ce mai baki, wadda ta saƙa wa rabin amaren ƙauyen shimfiɗarsu, sauran rabin kuma ta zage su tas don sun sayo na kanti. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye, magana ta ɗauke. Likita ya duba ta ya ce a mai da ita gida, abin da ya rage sai addu'a. Aka kwantar da ita a ɗakin masaƙar, don ya fi ko'ina ɗumi, kowa ya zauna jiran abin da ake jira. Shiru, bai zo ba.

Jikarta Tuda ta baro shagon ɗinkin da take aiki a birnin Meknes ta taho. A hannun tsohuwar ta girma, ta iya ƙulla ulu tun kafin ta iya ɗaura ɗankwali. Duk duniya ba ta da wanda take so kamarta, kuma ba ta ɓoye wa kowa wannan ba, har Rabha, uwar da ta haife ta.

Rabha ce ta nuna mata masaƙar. "Ba a barin ta a tsaye da rabin aiki. Ni kin ga hannuwana." Yatsunta duk sun kumbura da sanyin ƙashi. "Zauna ki ƙarasa mata."

"Inna, ni da Kaka take ce wa ƙullina kamar kashin akuya?"

"Ni ta gaya mini abin da ya fi wannan muni. Zauna."

Tuda ta zauna a kan buzun da ya lotsa da zaman tsohuwar. Ta tsakanin zaren tsaye tana hango ta kwance a ɗaya gefen ɗakin, numfashinta yana fita da ƙyar, yana sarƙewa. Ta ƙulla layi guda na jan ulu, ta ɗauki matajin ƙarfen da ake danne saƙa da shi ta fara bugawa. Bayan 'yan bugu sai ta tsaya ta kasa kunne. Numfashin ya daidaita. Yana shiga da bugu, yana fita da bugu. Ta ajiye matajin, ya koma sarƙewa. Ta sake ɗauka, ya sake bin ta.

Daga nan hannun daman Hennu, wanda bai mutu ba, ya motsa a kan bargo. Babban yatsa da manuni suka kama abin da babu shi, suka zagaya, suka ja ƙasa. Idonta a rufe, amma ƙulli take yi, kuma daidai inda Tuda ta kai take bi.

Rabha ta gani daga bakin ƙofa. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Dardumar take jira. Ba za ta tafi ta bar ta a ɗaure ba."

Kawu Bassu, ƙanen Rabha, yana shan shayi a tsakar gida ya jiyo su. "Ku ji tsoron Allah. Rai a hannunsa yake, ba a jikin gashin tunkiya ba." Da zai shiga gaida tsohuwar tasa kuwa, sai da ya tattare rigarsa ya raɓa bango, kada ta goga masaƙar.

Tuda ta juya ga masaƙar. Ta ɗaga kai ta dubi zaren tsayen da ya rage a sama, bai fi tsawon hannu ba. Mai saurin hannu sai ta cinye shi kafin Juma'a. Tun daga wannan rana ta daina sauri.

Dabarar da ta fara yi ita ce raba ulun gida biyu, don ƙullin ya ƙanƙance, layin ya ƙi tashi. Da wannan bai ishe ta ba, ta shiga neman adon da zai ci lokaci. Adon Hennu sananne ne, kowace yarinya a gidan ta sha shi da nono: idon makwarwa, haƙoran zarto, ja a kan ja da ɗan baƙi. Tuda ta ɗauki idon makwarwa ta cusa wani a cikinsa, ta sake cusa wani a cikin wannan. Ta warware koren mayafinta na birni ta saka zaren. Haƙoran zarto suka lanƙwashe a hannunta suka zama rufin gidajen Meknes, da shamuwa tsaye a kansu da ƙafa ɗaya. Ita kanta ba ta san akwai waɗannan abubuwa a cikin kanta ba, tsoro ne ya tono su.

Ranar da kore ya fara shiga, hannun tsohuwar ya tsaya cak, manuninta ya shiga ƙwanƙwasa bargo.

"Na ji, Kaka. Kore ne, ba zunubi ba," in ji Tuda. "In bai yi miki ba, tashi ki cire."

Yatsan ya yi ta ƙwanƙwasawa har la'asar. Washegari, da shamuwar ta fara fitowa, hannun ya buɗe, ya kwanta shiru na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba da ƙulli tare da ita. Tuda ta yi kuka a bayan zaren, kukan daɗi. Matan maƙwabta suka riƙa zuwa dubiya, su gaida mara lafiya a gurguje, su ɓata sauran lokacin a gaban masaƙa suna riƙe da haɓa.

Kwanaki suka yi ta tafiya, dusar ƙanƙara ta sauka a kan duwatsu. Hennu ta rame har bargon ya zama kamar ba kowa a ƙarƙashinsa. Bayanta ya yi gyambo. In an ɗiga mata ruwa sai ya gangaro ta gefen baki. Duk lokacin da Rabha ta juya ta, wani ɗan sauti yake fita daga maƙogwaronta, wanda ya fi kuka ciwo. Tuda tana ji, sai ta ƙara ƙarfin bugu.

Wata safiya hannun ya daina ƙulli. Ya miƙe a gicciye, yana kai yana komowa a kan bargo, a hankali, yadda ake yi da wuƙa. Tuda ta kau da kai ta zaɓo wani sabon launi. Hannun bai fasa ba. Tana ganinsa ta wutsiyar ido har azahar.

Rabha ta zo ta tsuguna kusa da ita. "Ke kike riƙe da ita."

"Ni ba Allah ba ce, Inna."

"Na sani. To ƙarasa mu gani."

"Saura ado ɗaya."

"Jiya ma saura ɗaya." Rabha ta kama wuyan hannunta da kumburarrun yatsunta. "Ke kakarki ce, ni uwata ce. Kina tsammanin so nake ta tafi? Ni nake wanke bayan nan, Tuda. Zo ki gani da idonki."

Tuda ta je ta gani. Ba ta sake raba ulu ba. Ta ɗauko jan ulun tsohuwar mai kauri, ta rufe aikin da layukan da Hennu take rufe kowace darduma da su, ba ƙari ba ragi. Washegari da hantsi ta buga bugu na ƙarshe, ɗakin ya yi tsit.

A wurinmu ba a yanke saƙa da ƙishirwa. Rabha ta rufe ƙofa, ta kawo kwanon ruwa, ta koma ta ɗora kan mahaifiyarta a cinya. Tuda ta tsoma matajin a ruwa ta bi zaren tsaye da shi, tana faɗin abin da mata suke faɗa: "Sha, mun shayar da ke a nan, ki shayar da mu a can." A ɗaya gefen ɗakin maƙogwaron Hennu ya motsa, ya haɗiye. Ba wanda ya ba ta komai.

Tuda ta ɗauki wuƙa ta fara daga dama. Zaren yana tsinkewa kaɗan-kaɗan, dardumar tana sunkuyowa, nauyinta yana sauka a kan gwiwoyinta. Rabha tana karanta kalmar shahada a kunnen tsohuwar. Da ya rage 'yan silili a kusurwar hagu, Tuda ta tsaya. Sililin sun yi sako-sako, wuƙar tana zamewa a kansu, ita kuma ba ta da zuciyar da za ta kama su ta ja.

"Kaka, ba zan iya ba," ta ce.

Tana kallo sililin suka miƙe. Suka ɗame tam, suka karkato wajen bakin wuƙar, kamar yadda suke yi in wata ta tsaya a bayan masaƙa ta riƙe wa mai yanka. Ba kowa a tsaye a bayan masaƙar.

Tuda ta yi bisimilla ta yanke. Dardumar ta faɗo jikinta da ɗuminta, muryar Rabha ta katse a tsakiyar kalma.