Burodin Gata

Ranar da aka koro 'yata Rhoda daga makaranta, na dawo daga ofis da burodi mai ɗumi ɗaure a bayan keke, ina fito abina. Ina shiga gida na tarar da ita a tsakar gida cikin kayan makaranta, zaune a kan 'yar kujerar da take kaiwa aji, tana goga gwiwar hannunta da bango a hankali, don uwarta ta hana ta susa da farce. Shekararta takwas a lokacin.

Matata Salomi ce ta ba ni labarin tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba. Wai iyayen yara sun kai ƙara. Hedimasta ya ce shi bai ce komai ba, amma a riƙe ta a gida har fatar ta warke. Bayan fitowarta kuma aka sa 'yan aji suka wanke inda take zama da ruwan magani.

Tun tana shekara uku kirci ya kama ta. Ƙananan ƙuraje ne masu ruwa, a gwiwar hannu da gwiwoyi da bayan wuya, in ta sosa su fashe, su bushe, su bar baƙin tabo, wasu su fito a gefensu. Ga ciki kullum a kumbure, ga rama. Duk da haka babu yarinyar da ta kai ta fara'a a layinmu na Wulari, kuma bakinta ba ya hutawa.

Na kwance burodin na yanka mata gefen da take so, na tsoma a shayi na miƙa mata. Na ce ta ci ta manta da su, mako biyu ya yi yawa za ta koma aji. Ta ci tana murmushi, ta yarda da ni, don a ganinta abin da Baba ya faɗa ba ya tashi.

Bari in faɗi matsayin burodi a gidana. Ni Manasse ɗan Biu ne, tuwon dawa ya raine ni, safe da dare. Ranar da na fara ɗanɗana burodi a gidan wani malaminmu na mishan, na yi wa kaina alkawarin 'ya'yana da shi za su riƙa karyawa. Da na zama akawu a sakatariya sai na ga albashi bai kai kowa ya ci ba. Saboda haka ni da Salomi muka tsaya a koko da ƙosai, burodi ya zama na Rhoda ita kaɗai. Marar lafiya ai sai abinci mai laushi, haka kowa ya sani. Duk ranar da jikin ya tsananta, sai in ƙara mata yanka ɗaya.

* * *

Mako biyu ya zama wata biyu. A bakin famfo aka fara rada, daga nan ta shiga majami'a. Ba wanda ya furta sunan cutar a gabanmu, sai dai a ce "babban ciwo", a ja yaro gefe in Rhoda ta matso. Ni kuwa da ilimina na akawu na ce maganin tsegumi takarda. Na ɗora ta a keke muka tafi asibitin kutare na Molai, don likita ya rubuta da hannunsa cewa ba kuturta ba ce.

Likitan mutumin kirki ne. Ya sa ta rufe ido yana taɓa tabon da auduga, ita kuwa sai ƙyalƙyala dariya take yi, wai yana yi mata cakulkuli. Ya ce mai kuturta ba ya jin auduga a wurin tabo, wannan kirci ne, kuma ba ya yaɗuwa. Ya rubuta, ya buga hatimi.

Washegari na kai wa hedimasta takardar ina taƙama. Ya gyara tabarau ya dubi samanta, bai ko sauka zuwa rubutun ba.

"Malam Manasse," in ji shi, "takardar ma daga ina ta fito?"

Garin neman gira na rasa ido. Ashe wani ya gan mu muna shiga ƙofar asibitin, kafin Lahadi ta zagayo Rhoda ta sami sabon suna a unguwa, 'yar Molai. Na ji haushin mutane, na ji haushin kaina ya fi.

Amma kada a ɗauka gidanmu ya zama gidan makoki. Kowace safiya Rhoda sai ta sa kayan makarantarta, ta tsaya a bakin ƙofa har yara su gama wucewa, sannan ta dawo gindin dalbejiya ta buɗe nata ajin. Kajin Salomi ne ɗalibai. Takan kira sunayen 'yan ajinsu ɗaya bayan ɗaya, ta amsa musu da kanta, wanda ta ga dama ta ce ya makara. Da yamma ni nake ba ta lissafi, uwarta ta koya mata waƙoƙin majami'a da yarenmu na Bura. Sau da yawa nakan dawo a gajiye in tarar da su suna dariya har da hawaye, in ji duniya ba ta yi mini rowa ba.

Maƙwabciyarmu Ya Aisa, wata dattijuwa Babarbariya mai sana'ar taliya, ita kaɗai ce ba ta taɓa ƙyamar yarinyar ba. Takan zaunar da ita tsakanin ƙafafunta ta yi mata kitso, tana zagin mutanen layi da Barbarci. Kullum da azahar sai ta aiko mata da taliya da mai da yaji a 'yar tasa, ta ce wannan na feronta ne, wato 'yarta, kada wanda ya sa hannu.

Haka muka yi shekara guda da wata uku.

* * *

A farkon 1987 gwamnati ta hana shigo da alkama. Burodi ya fara ƙanƙancewa, tsadarsa tana hawa, har gidan burodin da nake saye ya rufe. Ya Aisa ta ajiye injin taliya ta koma suyar masa. Ranar da na fara dawowa bayan keke wayam, kunya ta hana ni haɗa ido da Rhoda. Na ba ta haƙuri kamar na yi mata laifi. Ta ce ba komai, dama ta daɗe tana sha'awar ƙosanmu.

Salomi ta koma yi mata kunun gyaɗa da safe, masa da rana, tuwon dawa da dare. Ni dai ina ta ƙorafi a ofis cewa an mai da mu ƙauye.

Bayan kamar wata ɗaya da rabi, wata safiya na ga Rhoda tana shan kunu da hannu biyu a kan kwano, babu ɗaya da ke susa. Na duba gwiwar hannunta, ƙurajen sun bushe, babu sababbi. Cikin ya saɓe. Kumatu sun fara fitowa. Nan fa kowa ya zo karɓar lada. Matan zumuntar majami'a suka ce addu'arsu ce, Ya Aisa ta ce man shanun da take shafa mata ne, ni kuma na ce sabon man da na sayo a kemis ne, don ni na san Turancin da ke jikin kwalbar. Salomi kuwa ta ci gaba da dama kununta.

Da Ista ta matso, murna ta sa na roƙi wani direban ofishinmu mai zuwa Gamboru ta bakin iyaka ya samo mini burodin Kamaru, irin dogon nan. Na shigo da shi a kafaɗa kamar mai ɗauke da bindiga. Rhoda ta cinye rabi a zama ɗaya. Kwana biyu ba su cika ba ciki ya kumbura, ƙurajen suka dawo a wurarensu na da, kamar dama suna laɓe.

Salomi ta bari sai da yarinyar ta shiga gidan Ya Aisa, sannan ta zo ta zauna kusa da ni.

"Baban Rhoda, zan faɗi magana, kada ka yi fushi."

"Ina ji."

"Burodin nan ne."

Na yi dariya. Na ce Turawa da suka ƙirƙiro asibiti ma burodi suke ci, ta taɓa ganin Bature yana susa? Ta ce ita ba ta san Turawa ba, 'yarta ta sani. Ta tuna mini da shekarar da yarinyar ta yi wata biyu a Biu wurin kakarta, ta dawo fes, muka ce ruwan can ne. Ta tuna mini cewa a wata ɗaya burodi da taliya suka ɓace, kuma daga nan sauƙi ya fara. Duk abin da aka yi da alkama, in ji ta, shi ne ba ya shiri da jikin Rhoda.

"Shekara shida ke nan," na ce, "kina nufin da hannuna nake ba ta?"

"Da hannunka, da nawa, da na Ya Aisa. Waɗanda suka guje ta ba su ba ta komai ba."

Na tashi na fita ban sa hula ba. Na yi ta zagaya layi, ina neman inda maganarta ta karkace, ban samu ba. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, har yau in na wuce mai burodi sai na ji shi.

* * *

Muka kai ta babban asibiti, wurin wata likitar yara. Ta saurari Salomi fiye da yadda ta saurare ni, abin da bai yi mini daɗi ba a lokacin. Ta ce akwai mutanen da hanjinsu ba ya karɓar alkama, kuma a wasunsu abin yakan fito a fata. Ta ce ba za ta rantse ba, don gwajin da zai tabbatar babu shi a nan, kuma ba kowane kirci ne daga abinci ba. Amma tunda mun cire ya tafi, mun mayar ya dawo, to mu cire gaba ɗaya mu gani.

Rhoda ta haddace jerin kamar ayar Lahadi. Burodi, taliya, cincin, biskit, fanke, funkaso, alkaki. Takan rera su tana tsalle da ƙafa ɗaya. Ya Aisa kuwa da ta ji, kuka ta yi, ta ce da ta sani da ta jefa injin nan a kogi. Daga ranar masar farko ta tanda ta zama ta Rhoda.

Zuwa Satumba fatar ta yi sumul, sai ɗan duhun tabo. Na kai ta gaban hedimasta, ta miƙa masa hannaye ya jujjuya ido a kansu, bai taɓa ba. Ya ce to, ta dawo, amma za ta maimaita aji. Ta fito tana rawa. Salomi ta yi mata sabon ɗinki, ta ƙulla mata gyaɗa da dabino a leda don lokacin tara. Ranar komawa, a hanya na sa ta maimaita mini jerin, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Na je ofis na kasa zama. Wajen ƙarfe tara na ce wa shugabana zan je gidan waya, na hau keke na nufi makarantar, na tsaya a bayan shinge inda ba za ta gan ni ba.

An fito tara. Yara sun cika fili, 'yan mata suna gaɗa a inuwa. Rhoda na zaune a bakin baranda ita kaɗai, ledarta a cinya. Babu wanda ya kore ta, babu kuma wanda ya kira ta. In sun zo wucewa sai su ɗan yi kwana. Ta buɗe ledar ta miƙa wa wata yarinya dabino, yarinyar ta ɓoye hannuwa a baya ta gudu. Rhoda ta mayar da dabinon ta ƙulle ledar.

Ina shirin juyawa sai ga wata 'yar baƙa mai lalle a ƙafa ta zo ta zauna dab da ita, har kafaɗunsu suna gogar juna. Daga baya na ji sunanta Zainaba, daga unguwar Umarari suka ƙauro, ba ta san sunan da ake kiran Rhoda da shi ba, ko kuma ta sani ba ta damu ba. Ta kwance bakin ɗankwalinta ta fito da alkaki, da alama na wani biki ne da aka yi a gidansu. Ta gutsura da haƙori, ta karya ragowar biyu, ta miƙa wa Rhoda rabi.

Rhoda ta dubi alkakin. Na ga leɓenta yana motsi, na san jerin take karantawa, kuma na san ta iso ƙarshensa. Na kama shingen na buɗe baki zan kira sunanta.

Ta goge tafinta a jikin sabuwar rigar, ta karɓa da hannu biyu kamar yadda ake karɓar abu daga babba. Ta ci a hankali, ba ta bar ko ɓurɓushi ba. Sannan ta buɗe ledarta, Zainaba ta zura hannu ciki ta ɗebi gyaɗa.

Na rufe bakina na saki shingen. A hanyar komawa ofis na biya ta kemis na sayi man ƙaiƙayi, babbar kwalba.