Akuya Ta Cinye Darasi

Bayan digirinta, Malama Aina'u ta koma jami'a a Kano don ta ƙware a koyar da yara masu buƙata ta musamman. Ranar Talata malaminta zai zo ƙauyensu ya ga yadda take koyar da Rumaisa, yarinyar da ba ta gani. In darasin bai yi ba, sai ta maimaita shekara.

Kwana uku ta yi tana liƙa gyaɗa a kwali, tana yin haruffan da za a shafa da yatsa. Ta shanya su a tsakar gida. Ranar Talatar da safe ta tarar da akuyar surukarta tana lasar baki.

"Inna, akuyarki ta cinye mini darasi."

"To, ta riga ni karatu ke nan," in ji tsohuwar, ta miƙo mata lakar da take gyaran murhu da ita.

A aji Aina'u ta shafe faifai da lakar, ta zana harafi. Rumaisa ta bi shi da yatsa a hankali.

"Malama, ai da wannan sunana ya fara."

Malamin ya rufe takardarsa yana murmushi. "Kin haye, Malama. Ni ma a ɗebo mini lakar nan."