Ɗakin da Ba Mai Kwana a Ciki

A ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar, abu biyu ake fara koya wa duk ɗalibin da zai riƙa zagayawa da baƙi: tafiya da baya yana fuskantar iyaye, da hanyar ɗaki mai lamba ɗaya. Lasifika, wadda aka laƙaba wa sunan saboda muryarta, ta ƙware a duka biyun. Shekara biyu tana sanye da shuɗiyar rigar ofis, sau ɗaya tak ta faɗa kwata.

Ɗaki mai lamba ɗaya, a ƙasan gidan kwanan ɗalibai mata, na nuni ne kawai. Gado a gyare, labule mai furanni, littattafai a jere, amma ko gyangyaɗi ba a taɓa yi a cikinsa ba. Madam, shugabar ofis, ta sha ja musu kunne: daga nan sai ɗakin karatu, kada wanda ya kuskura ya hau bene da baƙi.

Ranar Asabar ɗin nan, cikin iyaye goma sha biyu har da mahaifiyar Lasifika, tana riƙe da hannun Auta. Tun a gida Mama ta yanke hukunci: sai ta ga inda Auta za ta kwana da idonta, in bai yi mata ba yarinya ta yi karatunta kusa da gida. Lasifika kuwa ba abin da take so kamar ƙanwarta ta zo, don kewarta na damunta ba kaɗan ba.

Ta buɗe ɗakin, ta zuba haddarta tiryan-tiryan. Iyaye suna ta gyaɗa kai. Ban da Mama. Ta danna matashi, ta buɗe kabad ta shinshina, ta ɗaga butar shayi ta ga ko wayar lantarki babu.

"Wace ce mai ɗakin nan?"

"Na misali ne, Mama."

"To ni ba misali na haifa ba. Mu je naki."

"Mama, don Allah, an hana mu..."

Ina! Mama har ta kama matakala, sauran iyayen kuma suka rufa mata baya, kai ka ce ita ofis ya ɗauka aiki. Lasifika ta bi su. Ta san abin da ta baro da safe.

Igiyar shanya ta ratsa ɗakin daga taga zuwa ƙofa. Bokitai huɗu, takalma ko'ina, ga ƙoƙon kan mutum na roba a kan gadon mai karatun likita, an ɗaura masa ɗankwali. Doguwa, babbar ɗakin, tana zaune da rabin kitso, ta ba ƙofa baya.

"Ke Lasifika," ta ce ba ta waiwayo ba, "kin sake ficewa ba ki sha maganinki ba ko? Ga shayinki can na rufe. Wallahi in zazzaɓin nan ya dawo, ni da ke ne."

Sai ta juyo ta ga baƙi goma sha uku. Matajin hannunta ya faɗi.

"Zazzaɓi ta yi?" in ji Mama.

"Kwana huɗu, Mama. Ta ce kada a gaya miki. Amma mun kai ta asibiti, muna karɓa-karɓa a kanta."

Mama ta dubi 'yarta, sannan ta buɗe wuta. Wannan ɗaki ne ko kasuwa? Wa ya koya musu shanya a kan gado? Kafin ka ce me, 'yan matan ɗakin su uku sun duƙufa da tsintsiya, wani uba ma ya sami kansa riƙe da bokiti. Lasifika ta tsaya a bakin ƙofa kamar ta nutse don kunya. A ranta ta riga ta haƙura da zuwan Auta.

Mama ta nuna gadon sama. "Wancan fa, na wace ce?"

"Mai shi bana take gamawa," in ji Doguwa.

Mama ta jawo Auta, ta wuce 'yarta mai shuɗiyar riga, ta tsayar da ita gaban Doguwa.

"Ga ƙanwarku nan. Ita ba ta da yawan ciwo, amma ba ta cin abinci sai an tsaya a kanta."